Ga ɗan'uwan da aka buga wa mota ta baya, yake tambayar ko sai ya sanar da inshora

Sannu ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba, tunda ba wanda ya ji ciwo ai da sauƙi. Ka ce jiya wani ya daki motarka ta baya, bamba ta fashe but ya lotsa, shi mai motar ya roƙe ka ku sasanta a tsakaninku kar maganar ta je inshora, kai kuma har kana shirin kai ta wajen mai gyara gobe. Don Allah ka dakata da maganar gareji tukuna, yau ɗin nan ka kira kamfanin inshorarka ka faɗa musu. Sanar da su daban, neman su biya ka daban, kana iya sanar da su yau daga baya ka ce ka fasa neman komai, amma in ka yi shiru kwanaki suka ja to kai ka rufe wa kanka ƙofa.

Ni abin ya taɓa faɗa min shi ya sa nake maka magana da ƙarfi haka. Wani ne ya shigo min ta gefe a mahaɗar hanya, ya fito yana ba da haƙuri, ya ce duk abin da gyaran ya ci shi zai biya, muka yi musayar lamba muka rabu, ko hoto ɗaya ban ɗauka ba. Sai da mai gyara ya kwance gaban motar muka ga ashe ƙarfen ciki ya lanƙwashe, lagireto ma ta tsage, kuɗin ya ninka abin da muka zata sau nawa. Ina faɗa wa mutumin adadin ya daina ɗaga wayata. Kusan sati uku da yin hatsarin sannan na nufi inshora, tambayar farko me ya hana ka sanar da mu, ta biyu ina hotuna, ta uku wa ya ba ka izinin kwance mota jami'inmu bai gani ba. Ba ni da amsar ko ɗaya, kuma da na koma gida na karanta takardar da na sa wa hannu duk sharuɗɗan nan suna ciki. Daga aljihuna na yi gyaran nan, wallahi har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ka ɗauko takardar inshorarka ka duba wa'adin sanarwa, kowane kamfani da nasa, wasu kwanaki kaɗan suke bayarwa wasu su ce nan take. In ka kira kar ka tsaya a baki kawai, ka bi da saƙo a rubuce ko imel, ka karɓi lambar da suka buɗe wa ƙorafinka, ka rubuta ranar da sunan wanda ya amsa maka. Tunda motar tana hannunka ba a taɓa ta ba, ɗauke ta hoto yanzu ta kowane ɓangare, na kusa da na nesa yadda lambarta za ta fito. Ka nemi lambar motar wancan, sunansa, lasisinsa da kamfanin da yake inshora, in akwai wanda abin ya faru a gabansa ka karɓi lambar wayarsa tun bai manta ba. Rahoton 'yan sanda ma sau da yawa sai sun tambaya, gara ka je da wuri.

Wajen ba da labari ka faɗi abin da ya faru kawai, lokaci, wuri, ina ka dosa, ta ina aka buge ka. Kar ka ƙara gishiri kar ka rage, kuma kar ka haɗa da wata tsohuwar lotsawa ka ce ta jiya ce, masu duba motar nan aikinsu kenan suna gane tsohon tabo, ƙarya ɗaya tana iya sa su soke duka. Kar kuma ka sa hannu a wata takarda da mutumin zai kawo cewa kun gama magana.

Sai ka duba wace iri ce inshorar taka, nan ne mutane da yawa suke shan mamaki. In ta mutum na uku ce, wadda ake ce wa tad fati, ɓarnar da kai ka yi wa wani take biya, ba ta gyara taka motar, kenan a wannan halin inshorar wanda ya buge ka za a bi. In cikakkiya ce za su iya gyara maka su kuma su bi wancan ɓangaren su karɓo kuɗinsu, sai dai yawanci akwai wani kaso da aka rubuta kai za ka fara biya kafin su ɗora nasu. In kasonka ya kusa kai kuɗin gyaran duka, ga kuma rangwamen da wasu ke yi wa wanda bai nemi diyya ba zai iya tafiya, to sasantawar tana iya fi maka, amma wannan lissafin sai bayan an duba motar an san ainihin ɓarnar. Bugun baya yana ɓoye abu, makullin but da ƙarfen bayan bamba ba a ganinsu daga waje.

Kuma in ka tashi da ciwon wuya ko baya cikin kwanakin nan ka je asibiti ka adana takardar, irin wannan bugun wani lokaci sai bayan kwana ɗaya ko biyu jiki yake nunawa, ka faɗa wa inshorar shi ma a rubuce.