Sauya ruwan akwatin kifin ado ba tare da ɗaukar bokiti ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da akwatin gilashi na kifin ado mai cin lita 100 a falona a Sharaɗa. Kwashe ruwa da bokiti duk mako ya ishe ni, kuma ina yawan tafiya. Zan iya haɗa injin da zai riƙa sauya ruwan da kansa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Za ka iya, amma shawarata kada ka ɗora aikin a kan wutar lantarki. Wani tsarin da ake nunawa a intanet na injin jan ruwa biyu ne da agogon kunna wuta, ɗaya ya zuƙe, ɗaya ya cika. A Kano, idan aka ɗauke wuta bayan na farko ya gama zuƙa, haka kifinka za su wuni a guntun ruwa.

Dalilin sauya ruwa shi ne kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, sinadari mai cutar da kifi, bakteriyar da ke cikin matatar ruwan akwatin (filta) ta mayar da ita wani sinadarin da ake kira naitiret, shi kuwa naitiret taruwa yake yi sai an fitar da shi. Kashi 20 cikin 100 a mako ya wadatar, in kifin ba su yi cunkoso ba.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ta ɗigo. Ka sami jarka mai lita 25, ka ɗora ta a kan kanta sama da akwatin. Ka je kemis ka sayi sabon tiyon ƙarin ruwa irin na asibiti, ka cire allurar, ka haɗa shi da ƙasan jarkar. Kada ka ɗaure murfin tam, iska na bukatar shiga. Amfanin wannan tiyo shi ne ana ganin ɗigon, kuma akwai ɗan gare da ake murzawa a rage ko a ƙara. A irin na manya ɗigo 20 ne mililita 1, don haka ɗigo 40 a minti zai ba ka wajen lita 3 a yini, lita 20 da ɗoriya a mako. Jarka ɗaya ta kai ka mako ke nan. Sai dai gudun yana raguwa idan ruwan jarkar ya yi ƙasa, ka riƙa leƙawa.

Sai mafita. Mai yankan gilashi ya huda jikin akwatin daga sama, daidai inda kake son ruwan ya tsaya, a sa bututu mai faɗin inci ɗaya da raga a bakinsa, a kai shi kwata ko gindin fulawa. Duk abin da ya shigo, kwatankwacinsa zai fita. A fara tabbatar da irin gilashin, domin wanda aka gasa don ƙarfi tarwatsewa yake yi idan aka taɓa shi da abin huji. Bututu da mahaɗansa duk akwai su a kasuwar Ƙofar Ruwa.

Ruwan da za ka zuba ma abin lura ne. Na famfo akwai kulorin a ciki, ya kwana biyu a buɗe, ko ka sa masa maganin kashe kulorin. Na burtsatse ba shi da wannan matsala, amma ka tsaya a kan rijiya ɗaya, kada yau na wannan ɗan ga-ruwa, gobe na wancan. Kuma kada ka jawo kai tsaye daga tankin saman gida, domin a watan Afrilu zafin gari yana haura digiri 40, alhali yawancin kifin ado tsakanin 24 da 28 suke so. Jarkar ta zauna ɗaki ɗaya da akwatin.

Da hunturu iska tana shanye ruwa sosai, sai wani ɓangare na ɗigon ya tafi a cike giɓi kawai, dattin kuwa yana nan. A lokacin ka ƙara zuwa ɗigo 55 ko 60 a minti, sai dai jarka ɗaya ba za ta kai ka mako ba.

Dattin da ya kwanta cikin tsakuwa ɗigo ba ya ɗaga shi. Wannan kam sai ka sa tiyo ka zuƙe da hannu, ko sau ɗaya a mako biyu, ka kuma ɗauraye soson matatar da ruwan akwatin, don na famfo zai kashe bakteriyar.