Amsa ga mai son zama mai horar da dawakan tsere

Ƙanena, ka ce kana hayar doki a bakin ruwan Labadi a nan Ankara, babban birnin Ghana, kana tambayar yadda za ka zama mai horar da dawakan tsere irin na Turawa. To, hawa daban, horarwa daban.

Sana'ar daga barga take farawa. Kafin kiran asalatu kana can, kana kwashe kashi, kana shafa ƙafafun doki ɗaya bayan ɗaya ko akwai zafi ko kumburi, kana leƙa akwatin abinci ko ya rage hatsin jiya. Dokin da ya bar hatsi yana da magana. Waɗannan dawakai tun suna shekara 2 ake saka su tsere, ƙashinsu bai gama ƙwari ba, gaggawar mako ɗaya sai ta nakasa dokin miliyoyi. Ba irin namu na hawan Sallah a Nima ba ne, masu jure komai.

A Ingila sai ka yi shekaru ƙarƙashin wani, sannan hukumar tsere ta ba ka lasisi. Henry Cecil, shahararren mai horar da dawakai na Ingila, ma mataimaki ya fara, ya karɓi lasisi a 1969, sai a ƙarshen rayuwarsa ya samu doki mai suna Frankel, wanda ya yi tsere 14 ba a taɓa kayar da shi ba.

Kuɗi kuwa, mai doki ne ke biyan ladan kulawa, ka kuma samu ɗan kaso idan an ci. Nan Ankara harkar ta ja baya tun da aka tashi tsohon filin sukuwa, inda otal ɗin Kempinski yake yanzu. Ni dai da ni ne, bargar 'yan folo zan fara nema, in manne wa likitan dabbobinsu.