Takardar shekara biyu a Amurka: tana mayar da kuɗin da aka kashe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban tasi ne a Bronx, asalina Zangon Kumasi. 'Yata ta gama sakandare, tana so ta shiga kwalejin al'umma ta Bronx ta yi shekara biyu a fannin adabi da zamantakewa, takardar da ake ce wa A.A. Abokan aikina sun ce ɓarnar kuɗi ce, gara ta karanci aikin jinya. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya mana ita. Abokanka ba su faɗi ƙarya ba, sai dai ba su ƙarasa maganar ba.

Bari mu fara da aljihu. Kwalejin tana ƙarƙashin CUNY, jami'ar birnin New York, kuma mazaunin birnin yana biyan dala 4,800 a shekara. Idan yarinyar 'yar ƙasa ce ko tana da katin zama na dindindin, ta cike FAFSA, takardar neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, tun da wuri. Tallafin Pell yana kaiwa dala 7,395 a shekara ga gidan da samunsa bai taka kara ya karya ba, ga kuma na jiha da ake kira TAP. Duka biyun kyauta ne, ba a biyan su daga baya. Yara da yawa suna gamawa ba a bin su ko sisi.

Sai batun abin da takardar ke kawowa. Ƙididdigar ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta 2023 ta nuna matsakaicin samun mai takardar sakandare dala 899 ne a mako, mai takardar shekara biyu dala 1,058, mai cikakken digiri kuwa dala 1,493. Ka lura, a cikin 1,058 ɗin nan an haɗa har da masu jinya da masu sana'ar fasaha, su ne suke ɗaga lissafin. Wanda ya tsaya a A.A. ta adabi kawai, ƙarin da yake samu bai kai nasu ba, domin ba don neman aiki aka tsara ta ba. An tsara ta ne a matsayin rabin farko na digiri: kiredit 60 daga cikin 120 (kiredit shi ne ma'aunin darussan da ɗalibi ya ɗauka).

Nan ne nake so ka sa ido sosai, Alhaji. Yawancin yaran da ke shiga irin waɗannan kwalejoji da niyyar wucewa jami'a suke shiga, amma kusan ɗaya cikin shida ne ke riƙe digiri bayan shekara shida. Aiki ya ɗauke wasu, aure ya ɗauke wasu, wasu kuma su tarar jami'a ba ta karɓi duk darussan da suka yi ba. Wannan yana ci mini rai, domin da yawansu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, mai nuna hanya suka rasa. Saboda haka tun zangon farko ta zauna da mai ba ɗalibai shawara, ta faɗa masa inda ta nufa, ko Lehman da ke nan Bronx ko Hunter, kwalejojin CUNY masu ba da cikakken digiri, a jera mata darussan da za su bi ta. Ta kuma nemi shiga shirin ASAP, wanda ke taimakawa da littattafai da kuɗin mota.

Aikin jinya kuwa yana da albarka, amma gurbinsa da wuyar samu, ga jarrabawar NCLEX ta samun lasisin aikin a gaba. Idan ranta ba ya wurin, kada ka tilasta mata. Idan za ta ɗauki alkawarin kaiwa digiri, ni dai na goyi bayanta.

Tambaya: Daga Kano nake. Zan iya tura ɗana irin wannan kwaleji, tunda an ce tana da araha?

Amsa: Yallaɓai, arahar ta 'yan gida ce. Mai bizar karatu ba ya samun Pell, kuma a CUNY dala 320 zai biya kan kowane kiredit, wato 9,600 a shekara kan kiredit 30 kafin a zo kan haya da abinci. Aikin da aka yarje masa na cikin makaranta ne, awa 20 a mako. Don A.A. ita kaɗai, ban ba ka shawara ba. Ya yi digirinsa na farko a Bayero, sannan ya nemi tallafin digiri na biyu a can.