Ku Tambaya Mu Amsa: Hayar Jirgin Ruwa Don Hutu a Tsibirai

Tambayoyin wannan makon sun taru a kan hayar jirgin ruwan shaƙatawa, irin mai tafiya da iska, wanda iyali ke ɗauka su yi mako guda suna kwana a cikinsa daga wannan tsibiri zuwa wancan. Ga biyar daga ciki.

Assalamu alaikum. Na ga talla a Instagram ana ba da hayar jirgi na mako guda a tsibiran Seychelles. Mu takwas ne: ni da maiɗakina da yara huɗu, sai ƙanena da matarsa. Kuɗin da aka rubuta a tallar shi ke nan, ko akwai wani abu a ƙasa? Daga wani Alhaji, Gwarimpa.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai abu a ƙasa, kuma ba kaɗan ba. Kuɗin talla yawanci na jirgin ne tsurarsa, ba matuƙi, ba mai, ba abinci. Don haka fara da tambayar wace irin haya ce. Akwai wadda za a miƙa maka makulli ka tuƙa da kanka, wannan ba taka ba ce. Akwai wadda za a haɗa ka da kyaftin, ana biyan sa kullum-kullum, cinsa da shansa a wuyanka. Akwai kuma mai cikakkun ma'aikata, kyaftin da kuku, wani lokaci har da mai hidima.

Ga mutum takwas, abin da ya dace shi ne katamaran, jirgi mai gangar jiki biyu da aka haɗa da falo a tsakiya. Mai tsawon mita 12 zuwa 14 yakan zo da ɗaki huɗu, kowane da gadon mutum biyu. Ka ga ku kaɗai kun cika shi, to ina kyaftin zai kwana? Wasu jiragen suna da ɗan ƙaramin ɗaki a can hancin jirgi saboda shi. In babu, a falo zai shimfiɗa, wurin da iyalinka za su riƙa giftawa dare da rana. Nemi a turo maka zanen ɗakunan kafin ka amsa. In yaran maza da mata ne kuma sun tasa, ɗaki huɗun ma sai an sake lissafi.

Sai kuɗi. A ce hayar dala 10,000 ce, misali kawai. Za a karɓi kafin alƙalami, kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, ragowar kuma wata ɗaya ko biyu kafin tafiya. In jirgi mai ma'aikata ne, a yarjejeniyoyi da yawa akwai wani kaso da ake rubutawa APA, kimanin kashi 30 na kuɗin haya, wato wata dala 3,000. Daga ciki kyaftin zai sayi mai da abinci, ya biya kuɗin tsayawa a tasha, ranar ƙarshe ya kawo maka rasit da canji. Tukuicin ma'aikata al'ada ce da ta zama kamar doka, kashi 10 zuwa 15. Ƙara kuɗin share jirgi da kuɗin shiga wuraren da gwamnati ta killace, irin su tsibiran Sainte Anne da Curieuse mai manyan kunkuru.

Inda 'yan Najeriya suka fi tuntuɓe shi ne kuɗin jingina. Kamfani yana riƙe wasu dubban daloli a katinka saboda ɓarna, ya sake su bayan an duba jirgi. Katin naira ba lallai ya ɗauki wannan ba, wasu kamfanonin kuma katin bashi kaɗai suke karɓa. Tambaya tun kana Abuja ko za su karɓi katin asusunka na dala, ko ka biya inshorar ɓarna wadda ke rage jinginar.

Amma kafin duk wannan, izinin shiga ƙasa. A shekarar 2023 hukumomin Seychelles sun tsaurara wa masu fasfon Najeriya da ke zuwa yawon buɗe ido, kuma kowane baƙo sai ya nemi izinin tafiya ta intanet kafin ya hau jirgin sama. Kada ka tura ko sisi sai an rubuta a yarjejeniya abin da zai faru da kuɗinka in aka hana ku izini. Asusun da za ka tura wa kuɗi ya zama da sunan kamfanin da ke kan takarda, ba na wani mai shafi a Instagram ba. Kowa kuma ya tanadi katin rigakafin shawara, a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tashi.

Nakan tuƙa kwale-kwale mai inji a tafkin Jabi, hannuna ya faɗa. Za a ba ni jirgi in tuƙa da kaina, in huta da kuɗin kyaftin? Daga wani matashi, Kubwa.

A'a, ɗan'uwa, kuma gata aka yi maka. Kamfanoni suna neman takardar shaidar iya tuƙin jirgi irin ICC, ko RYA Day Skipper ta Birtaniya, ko ASA 104 ta Amurka, tare da bayanin jiragen da ka taɓa jagoranta da girmansu. Wasu wuraren har da lasisin rediyon jirgi. Jabi ba ta da igiyar ruwa mai ja, ba ta da duwatsun murjani da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa, kuma ba a kwana a kan anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi. Jefa anka kaɗai darasi ne: in zurfin ruwa mita 6 ne, sarƙa mita 25 zuwa 30 ake saki, sannan a ja da baya da inji a tabbatar ta kama yashi. Mai rowar sarƙa yakan farka tsakar dare ya tarar jirginsa ya ja jiki ya nufi na maƙwabci. Ɗauki kyaftin, ka gaya masa tun ranar farko kana son koyo. Yawancinsu suna jin daɗin mai tambaya.

Maigidana ya dage sai mun je, ni kuma damuwata uku ce: tsarki, sallah da abinci. Yaya ake yi a cikin jirgi? Daga wata Hajiya, Wuse.

Hajiya, kin taɓo inda hutun ke daɗi ko ya lalace, wato ruwa. A ce tankin katamaran irin wannan lita 600 ne, wasu ma ba su kai ba. Jarka 24 ke nan masu lita 25, abin da bai fi kura biyu ta 'yan garuwa ba. Raba wa mutum tara, wato takwas da kyaftin, har kwana bakwai, kowa bai samu lita 10 a rana ba, kuma a ciki za a yi wanka, wanke-wanke da tsarki. In yaro ya saki shawa yana waƙa, tun tsakiyar mako tanki ya ƙafe. Saboda haka ki sa maigida ya tambaya ko jirgin yana da na'urar tace ruwan teku. In yana da ita, an huta da rabin matsala, sai dai tana cin wuta. In babu, sai an riƙa komawa tasha ɗibar ruwa, a tsara hanya da wannan a rai. Wanka kuma irin na jirgi ne: jiƙa jiki, rufe famfo, saɓa sabulu, buɗe ki ɗauraye. Ruwan sha daban ake saye, lita 3 ga kowa a rana, kusan gora 126 masu lita ɗaya da rabi ga mutum tara.

Alwala ba ta da wuya, domin ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, kamar yadda ya zo a hadisi. A bayan katamaran akwai matakala da ke sauka har bakin ruwa, nan za ki zauna da butarki. Ki zo da buta biyu daga gida, ba a ajiye su a jirgi.

Banɗakin jirgi kuwa yana da doka guda: ba abin da ke shiga sai abin da ya fito daga jiki. Bututunsa siriri ne, famfo ke tura ƙazanta zuwa wani tanki. Audugar mata, tsummokin goge jarirai, ko gashin da aka taje, ɗaya ya isa ya toshe shi, kuma kuɗin gyara daga jinginarku za a cire. A nan mu masu tsarki da ruwa mun fi Turawa sa'a.

Alƙibla a Seychelles ba gabas ba ce kamar yadda muka saba a Abuja. Tana arewa da ɗan karkata yamma, wajen digiri 330 a kamfas, kuma kowane jirgi yana da kamfas a gaban sitiyari. Sai dai jirgin da ke kan anka yana juyawa da iska, inda kika fuskanta da azahar ba lallai ya zama nan ne da la'asar ba, a duba kafin kowace kabbara. Maganar ƙasaru da yadda za a yi in jirgi ya juya ana cikin sallah, a tambayi malami kafin tafiya.

Abinci, kifi ne zai riƙe ku, ga shinkafa da kayan marmari. Nama sai an bincika. Kamfani yakan turo takardar da za a rubuta abin da ake ci da wanda ba a ci, ki rubuta ƙarara: ba alade, ba giya ko a cikin girki. A ce kada a loda giyar maraba da baƙi, don wasu suna sakawa ba tare da an nema ba. Garin yaji da kuka ba sa cin wuri, amma ki bar kilishi a gida, kwastan na tsibirai suna tsananta wa kayan nama. Firjin jirgi ƙarami ne kuma batir ke riƙe shi. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki da dare sai jirgin yana da janareto. In kina son sakewa, nemi a haɗa ku da kuku mace, ana samu in an nema da wuri.

Hutuna a watan Agusta yake, na yara kuma har da Disamba. Wane lokaci ya fi, kuma ina? Daga wani ma'aikacin gwamnati, Garki.

Malam, iska ce ke zaɓa maka wuri, ba hoto ba. A yankin Karibiyan lokacin mahaukaciyar guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi ƙamari daga Agusta zuwa Oktoba. A Satumban 2017 guguwar Irma ta ragargaza jiragen haya a tsibirin Tortola da ke yankin. Arahar da kake gani ta Agusta a can, dalilinta ke nan. Disamba zuwa Afrilu ne lokacinsu, kuma makon Kirsimeti ya fi kowane tsada.

Seychelles ba ta kan hanyar irin wannan guguwa. Daga Mayu zuwa Satumba iskar kudu maso gabas ke kaɗawa da ƙarfi, masu son tuƙi suna murna, amma tsallakawa daga tsibirin Mahé zuwa na Praslin, tafiyar awa huɗu zuwa biyar, tana jijjiga baƙo. Disamba zuwa Maris iska na juyowa daga arewa maso yamma, da zafi da ruwan sama. Teku ya fi kwanciya a Afrilu da kuma Oktoba zuwa Nuwamba, don haka hutun Ista na yara ya fi duka biyun da ka ambata. In Disamba ce dole, duba Phuket a Tailan ko Langkawi a Maleshiya: rani ne a can, abincin halal kuma ba ya wuya. Cape Verde tana kusa, tana cikin ECOWAS, amma iskarta da igiyar Atilantika ba na sabon shiga ba ne.

Daga Abuja zuwa Seychelles sai an yada zango, a Addis Ababa ko Doha. Ku isa kwana guda kafin ranar karɓar jirgi, domin in jirgin sama ya makara ba wanda zai ƙara muku kwana. Ranar karɓa a zaga tare da ma'aikacin kamfani, a ɗauki hoton duk wani ƙwarzane, a gwada fitilu da famfuna da injin ƙaramin kwale-kwalen roba, a ƙirga rigunan ceto. Kada ku tsara tafiya mai nisa kullum. Kamfanoni suna hana tafiyar dare, a can kuma rana na faɗuwa wajen shida da 'yan mintuna, duhu ya rufe nan da nan, ga murjani ba a ganinsa sai rana na sama. Kyaftin zai so ya jefa anka kafin ƙarfe huɗu.

Ko a mota nakan yi amai, yarana biyu kuma ba su iya iyo ba. Mu haƙura? Daga wata malamar makaranta, Lugbe.

Ba sai kun haƙura ba, Malama. Katamaran ba ya kwantawa gefe kamar jirgi mai gangar jiki ɗaya, jirinsa da sauƙi. Jiri yana zuwa ne in ido ya ce a zaune kike, kunnen ciki kuma ya ce ana motsi. Don haka kada ki shige ɗaki ki kama waya. Zauna a waje, iska na dukanki, ki kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa. Kada ki fita da yunwa, kada kuma ki cika ciki da maiƙo. Citta tana taimaka wa wasu. Maganin jiri ana shan sa awa guda kafin tashi, ba bayan amai ya fara ba, kuma yana sa barci, ki ga likita ya zaɓa miki wanda ya dace. Yawancin mutane jikinsu yana sabawa a kwana na biyu ko na uku.

Yara kuwa, ki aika wa kamfani nauyin kowanne da kilo, don rigunan ceton da ke jirgi na manya ne, yaro yana iya zamewa ta ƙasa. Tasu ta zama mai ɗamara da ke bi ta tsakanin cinyoyi. A nemi a ɗaura raga a kewayen jirgi, a biya kuɗinta. Duk lokacin da suke waje ko cikin kwale-kwalen roba, riga na jikinsu, kuma a faɗi sunan babban da ke kula da su a wannan awar, don in aka ce kowa na kallo, ba mai kallo. Kafin tafiya a sa su darasin iyo na wata biyu a nan Abuja. Kaya kuma a zuba a jakar da ke naɗewa, akwatin taya ba shi da wurin ajiya a ɗakin jirgi.