Tambaya da Amsa: Yashin da ke cikin fim ɗin Umar Mukhtar

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Jekadafari, cikin garin Gombe. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya zo hutu, ya kawo mini na'urar Blu-ray da faifan fim ɗin Umar Mukhtar, don ya san yadda nake son fim ɗin tun zamanin kaset. Da na kunna sai na ga baƙi sama da ƙasa, hoton bai cika allo ba, ga kuma wani yashi-yashi yana motsi a sararin sama da fuskokin mutane. Wanda aka tura mini a waya a shagon turi ya fi shi santsi, kuma ya cika allo. Jabu aka sayar wa yaron nan, ko kuwa talabijin ɗina ce?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, ka kuma sa wa ƙanenka albarka. Abubuwa biyun nan da suka dame ka su ne alamar faifan kirki.

Bari mu fara da baƙin. Wannan fim, Lion of the Desert, na tarihin Umar Mukhtar, jagoran mujahidan Libiya da suka yaƙi mamayar Italiya, wanda marigayi Mustafa Akkad ya shirya aka fitar a 1981, don faffaɗan allon sinima aka ɗauke shi. Faɗin hotonsa ya ninka tsayinsa sau 2.35, allon talabijin ɗinka kuwa sau 1.78 ne kacal. To hanya biyu ce: ko dai a bar maka hoton cikakke, baƙi ya rage sama da ƙasa, ko a datse dama da hagu don allo ya cika. Idan aka datse, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hoton ya tafi ke nan. Wanda muka kalla a kaset a tsohuwar talabijin mai ƙusumbi ma abin da aka yanke masa ya haura kashi 40 cikin 100.

A wani fim ɗin na hira cikin ɗaki da sauƙi, amma a wannan asara ce babba. Jack Hildyard, wanda ya riƙe kyamarar, gwani ne da ya taɓa cin kyautar Oscar, kuma da faɗin nan yake ba da labari. Dubi inda tankokin Italiya suka jeru a hamada suna dosar Kufra, ko inda mahaya suke gangarowa daga tudu ta gefe guda alhali motocin soja suna can ɗaya gefen ba su ankara ba. Dubi wayar ƙaya da Graziani, janar ɗin Italiya, ya sa aka shimfiɗa a kan iyakar Libiya da Masar don a toshe wa mujahidai hanyar abinci da makamai. Tsawonta shi ne abin tsoron. In aka datse gefe, sai ka ga 'yan sanduna da waya kawai, ba ka ga ƙasar da aka ɗaure ba. Saboda haka kada ka taɓa maɓallin zuƙowa a rimot, ka bar baƙin nan a inda yake.

Sai yashin, kuma a nan ne nake son ka ba ni aron hankalinka sosai, don kusan duk mako sai wani ya kawo mini talabijin shagona a nan Bauchi yana cewa ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau.

A wancan zamani ba da kyamarar kwamfuta ake ɗaukar fim ba. Zaren fim ne mai faɗin milimita 35, an shafe shi da wani sinadari mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Haske ya bugi ƙwayoyin, a wanke zaren, hoto ya fito. Ke nan hoton kansa da ƙwayoyin aka gina shi, ba datti ba ne da ya hau kansa daga baya. Kowace daƙiƙa hoto 24 ke wucewa, kowanne da yadda ƙwayoyinsa suka watsu, shi ya sa kake ganin kamar suna motsi. Sun fi bayyana a wuri mai launi ɗaya irin sararin sama, da kuma wuraren da aka ɗauka da dare. Ka ƙara da cewa Akkad ya saka tsofaffin hotuna na gaskiya marasa launi daga zamanin mamayar Italiya, har da na sansanonin da aka tsare mutanen Barƙa, wato gabashin Libiya. Waɗannan dole su fi sauran kaushi, kuma haka ya kamata su kasance.

Za ka ce to me ya sa ba ka taɓa ganin yashin ba sai yanzu? Don a da ba ka da abin ganinsa. Faifan bidiyo-sidi ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye yake ɗauka. DVD yana da 720 da 576. Blu-ray kuwa 1920 da 1080 ne, wato ya ninka DVD sau biyar. Ƙwayoyin suna nan tun fil azal, dishi-dishin kaset ne ya lulluɓe su, tare da sauran abubuwa masu kyau da ya lulluɓe. Wanda aka tura maka a waya kuma an matse shi ne don ya shiga memori. Manhajar da ke matsewa abin da take fara zubarwa shi ne ƙananan abubuwa, sai hoton ya zama sumul. Santsin da ya burge ka rashi ne.

Ga gwajin da nake so ka yi da kanka. Nemi wurin da Umar Mukhtar yake zaune yana karantar da yara a farkon fim, ka tsayar da hoton a kan fuskar Anthony Quinn, wanda ya fito a matsayinsa. A faifan za ka iya bin silin gemunsa ɗaya bayan ɗaya, ka ga tamojin goshi, ka ga saƙar farin mayafin da ya yafa, da siririn ƙarfen tabaransa. Sannan ka nemi wurin a wayarka. Gemun zai zama farin dunƙule. Wannan dattijo ya shekara ashirin yana yaƙi a duwatsun Jabal Akhdar kafin a rataye shi a Suluƙ ranar 16 ga Satumba 1931, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Wahalar nan duk an zana ta a fuskar da aka nuna mana, kuma ni ban yarda a goge ta da sunan tsabtace hoto ba.

Kamfanonin fim ma sun taɓa faɗawa wannan rami. A farkon zamanin Blu-ray, wanda ya fara a 2006, wasu sun ji tsoron masu saye za su yi irin ƙorafinka, sai suka sa kwamfuta ta share ƙwayoyin. Fim ɗin Patton na 1970 shi ne misalin da aka fi sani: faifansa na 2008 fuskokin sojoji suka fito kamar na 'yar tsanar roba, masu kallo suka yi ca, sai a 2012 aka sake fitar da shi da ƙwayoyinsa. Shi ma fim ɗin Umar Mukhtar bai tsira ba, don Blu-ray ɗinsa da ya fito a Amurka a 2013 datsattse ne, an cika allo da shi. A 2022 ne aka fitar da gyararre mai cikakken faɗi, har da faifan 4K, wanda ya fi Blu-ray yawan ɗigo. Tunda naka yana da baƙi sama da ƙasa, ba datsattsen aka kawo maka ba.

Inda talabijin ɗinka take da laifi shi ne idan yashin ya yi ƙarfi har yana tsole ido. Yawancinsu daga kanti ake sayar da su an ƙure musu haske da kaifin hoto don su ɗauki ido. Shiga saitin hoto ka zaɓi yanayin sinima, ka sauke kaifi ƙasa sosai, ka kashe mai rage yashi. Ka kashe mai santsin motsi ma, wanda LG ke kira TruMotion, Samsung ke kira Auto Motion Plus ko Picture Clarity, Sony kuma Motionflow. Ka haɗa na'urar da wayar HDMI, ba mai kai uku ja da fari da ɗorawa ba. Kuma tunda daga Amurka ta zo, duba rubutun bayanta: ƙarfin wutarsu volt 120 ne, tamu 230. In ba a rubuta tana ɗaukar har 240 ba, kada ka sake jona ta sai da taransifoma, balle a kan janareta.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na saya wa maigidana faifai a kasuwa, an rubuta Blu-ray a jikin kwalin, fina-finan yaƙi goma sha biyu ne a ciki. Ya yi a tsohuwar DVD ɗinmu, amma hoton duk dishi-dishi. Daga wata uwargida a unguwar Jahun, Bauchi.

AMSA: Hajiya, barka kadai. Wannan kam rubutun kwali ne kawai. Tunda ya yi a na'urar DVD, to DVD ne, don ita da jan haske take karatu, Blu-ray kuwa sai mai shuɗin haske. Faifan DVD gigabait 4.7 yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5. Raba wannan gida goma sha biyu, kowane fim bai samu ko gigabait ɗaya ba. Blu-ray na gaske gigabait 25 ne ko 50, kuma galibi fim guda ake zuba masa. Babu saitin da zai gyara wanda ke hannunki. In za ki sake saya wa Alhaji, ki nemi mai fim ɗaya tak, ko da DVD ne, zai fi wannan fitowa nesa ba kusa ba.