Likita ya ce maganin Baba "faliyatif" ne, me kenan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Mahaifinmu ne ke fama da kansar hanta, an ce ta riga ta bazu, amma har yau ana ta mishi allurai da ƙarin ruwa kuɗi sai tafiya suke, har gona an sayar. Wani likita ya ce wa yayana wai maganin faliyatif ne ba na warkewa ba. Dan Allah me ake nufi? Jan rai kawai ake yi ko me? Daga 'yar'uwarku a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba sauƙi ya sa kaffara ne.

Faliyatif ba jan rai ba ne, kula ce da ake ba wanda ciwonsa ya fi ƙarfin warkewa dan ya samu sassauci, a kashe mishi zafin ciwo, a tsayar da amai, in ciki ya tara ruwa kamar yadda ciwon hanta ke yi a zuƙe dan ya iya numfashi ya yi barci. Wata Baturiya Cicely Saunders ce ta kafa gidan irin wannan jinya a Landan a 1967, a nan gida kuma asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashensa a 2007. Kuma kar ki ɗauka sallamar mutum aka yi, a wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka aka wallafa a 2010 kan masu kansar huhu da ta bazu, waɗanda aka haɗa musu da wannan kular tun da wuri sun kai kusan wata 12, sauran kuma wajen wata 9.

Akwai kuma maganin da aikinsa ƙara kwana ne da gaske, kamar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, da ake yi bayan kansa ta bazu, ba zai kore ta ba amma yana iya sayo wa mutum watanni, wani ya aurar da 'yarsa a ciki, wani ya raba gardamar gado tun da ransa. Wannan kam sai an auna, watannin da wahalar maganin da kuɗin, kuma mai ciwon shi ya fi kowa haƙƙin aunawa, abin da mu ba ma so kenan, sai a ɓoye wa dattijo komai a yi ta ce mishi ciwon shawara ne.

Wanda kike tsoro shi ne na ukun, a yi ta tsikarar mutum da allurai da injuna alhali ba sauƙi ba warkewa, fitar ran kawai ake jinkirtawa. Likitoci na kiransa magani mara fa'ida, a littattafai kuma distanesiya, daga yaren Girka, wato mummunar mutuwa. Faransa har doka ta yi a 2005 da ta ba likita damar dakatar da irin wannan nacin. Dakatar da shi daban ne da yi wa mara lafiya allurar mutuwa, wannan kisa ne kuma laifi ne a Najeriya. Ko maganar cire injin numfashi, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Amman a 1986 ta halatta in ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu.

Ban duba Baba ba dan haka ba zan ce ga ajin da nashi yake ba. Ku samu babban likitan da ke kula da shi, ke da yayanki, ku bi magungunan ɗaya bayan ɗaya ku tambaya wannan na meye, na rage zafi ne ko na ƙara kwana, in an daina me zai faru, kuma za a iya ci gaba da jinyar a gida? In ya rubuta mofin kar ku ƙi saboda tsoron wai yana kashe mutum ko ya zama jaraba, in dai a kan ƙa'idar likita ake sha shi ne babban maganin zafin cutar kansa, akwai ma na ruwa da ake ba mutum a baki yana kwance a ɗakinsa.