Shin rashin uba a gida ne ke mayar da yaro mafaɗaci?

Tambaya: Aurena ya mutu shekara 3 da suka wuce, kuma uban 'ya'yana ya koma Legas, ba ya waiwayarsu. Ɗana mai shekara 15 yana dukan ƙannensa, har an kira ni makaranta saboda ya fasa wa wani yaro baki. Rashin uba ne ya jawo haka?

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Rashin uba yana da nasa kason, amma abin da ya faru kafin rabuwar da abin da ya biyo bayanta sun fi tafiyar kanta nauyi. A binciken da aka fara a 1961 kan yara maza 411 a kudancin Landan, wanda masanin halayyar masu laifi David Farrington ya daɗe yana jagoranta, an ga cewa yaran da rikicin iyaye ya raba gidansu sun fi faɗawa cikin laifi a kan waɗanda mutuwa ta raba da mahaifi, kuma gidan da iyaye ke tare amma kullum ana cacar baki bai tsira ba.

Akwai kuma abin da masanin halayyar ɗan Adam Gerald Patterson ya lura da shi a Amurka, wanda a ganina ya fi shafarki. Uwa ta dawo a gajiye ta ce wa yaro ya ajiye waya, shi kuwa ya daka mata tsawa ya buga ƙofa, sai ta ƙyale shi domin a zauna lafiya. A nan yaro yake koyon cewa ɗaga murya tana biyan buƙata, gobe sai ya gwada a kan ƙaninsa, jibi a makaranta.

Saboda haka ki kafa dokoki kaɗan waɗanda za ki iya tsayawa a kansu, ba da duka ba, domin duka yana ƙara koya masa abin da kike son ya bari. Ki san inda yake zama tsakanin la'asar da isha'i, da kuma su wa yake zama da su. Ki nemi kawunsa ko baffansa da yake jin nauyinsa ya riƙa jansa a jiki kowane mako, ba sai ranar da ya yi laifi ba. Kada ki zagi ubansa a gabansa, ko da kina da gaskiya, domin yakan ji kamar shi ake zagi. Idan kuwa kin ga wuƙa a ɗakinsa, ko alamar shan ƙwaya, ko yana maganar kashe kansa, to ki kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba.